Sa Hannu Na Uku

"Ba ni sa hannu, Baffa."

A durƙushe na faɗa, kuma sai da na gama gaishe shi tsaf, don kada a ce rashin kunya na je yi. Baffa Magaji, wan mahaifina, yana zaune kan buhun albasa a bakin rumfarsa a Aliero, takardar banki a kan gwiwarsa. Ya riga ya sa hannu. Ma'aji ma ya dangwala yatsa. Layi na uku ne ya rage, kuma nawa ne.

"Ban ji ba," in ji shi.

"Ka ji, Baffa."

Masu ɗinkin buhu suka tsaya da allura a hannu. Baffa ya dube su, suka koma ɗinki, amma kunnuwansu na wurinmu.

"Mufida, ni na ce a ba ki wanga aiki. Shawara anka ce ki bayar, kin bayar, mun ji, mun gode. Yanzu umurni nike ba ki. Amshi biro."

Ban karɓa ba.

Ƙungiyarmu ta manoman albasa gida sittin da ɗaya ce. Shekara shida kowane gida yana zuba kuɗin buhu ɗaya bayan an cire albasa, ba a taɓa ko sisi ba. Albasa ba ta da tabbas. Shekarar da ta yi kyau sai ka ga sabbin babura ko'ina, shekarar da ta ruɓe sai ka ga ana sayar da awaki. Shi ya sa aka yanke shawarar a sayi hannun jari a wani kamfani na kusa, a bar kuɗin shekara goma suna aiki, ko gona ta ƙi a samu abin riƙewa. Dokar ƙungiya ta ce kuɗi ba sa fita daga banki sai da sa hannun mutum uku: shugaba, ma'aji da sakatare. An ba ni sakatariya saboda na karanta harkar kuɗi a jami'a, kuma marigayi mahaifina yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ina jin sun ɗauka biro suka samu mai kyan rubutu.

Mutum biyu ne suka nemi mu shiga kamfaninsu, aka ce in je in duba kowanne.

Na fara da Alhaji Idris na Jega, mai safarar kaya zuwa Kudu. Ranar kasuwa na je, Keke Napep ta yi ta kutsawa tsakanin shanu da motocin hatsi har ta sauke ni gaban sabon benensa. Ofishin na da sanyi kamar cikin firji. Mutane kusan goma na zaune a ƙasa kan darduma.

"Magaji ya ce shina aiko mani gwamnan babban banki," in ji Alhaji, "ashe ɗiyata ce. Ku kawo mata nama. Ki ci tukun, ba a bincike da yunwa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Mutum ne mai daɗin zama, ba zan ɓoye ba.

Tambayata ɗaya ce, ita na ɗauko daga makaranta kuma ita kaɗai nake ganin ta cancanci kuɗin makarantar. Shugaban kamfani ba a gane shi ranar da yake neman kuɗi. Ranar da riba ta shigo hannunsa, ba mai tsawata masa, inda ya kai ta shi ne halinsa.

"Ranka ya daɗe, shekarar da albasa ta yi tsada, ribar da kamfani ya samu, ina aka sa ta?"

Ya tashi ya ɗaga labule. Tireloli shida a jere, kowace da sunansa da manyan baƙaƙe a goshi.

"Ga ta nan tsaye, ɗiyata. Ni ban ɓoye dukiya."

A tsaye take kuwa. Huɗu daga cikinsu ciyawa ta fito a gindin tayoyinsu ta bushe a wurin. A shekarar da kowane dillali ke neman tirela ya saye su, lokacin da kuɗinsu ya fi na kowane lokaci.

"Wata nawa suke aiki a shekara?"

"In kaya sun samu, suna tahiya."

"In sun kai albasa Kudu, da me suke dawowa?"

"Da lahiya suke dawowa, alhamdu lillahi!"

Mutanen darduma suka fashe da dariya, har wani ya buga cinya. Na jira suka gama. Na tambayi gidan man da ya gina tsakanin gidajen mai biyu, da injin ruwan leda da ya tsaya tun bara amma ana biyan masu gadi uku. Na ce a cikin sana'o'in nan akwai wadda ya taɓa rufewa ko sayarwa da ya ga ba ta biya?

Fuskarsa ta sauya.

"Ni Idris ban taɓa sayar da abin da na rubuta sunana a kai ba. Mi za a ce a Jega?"

Na tambayi me zai yi da namu kuɗin. Ya ce tirela biyu zai ƙara, su zama takwas. Da zan fita aka biyo ni da turmin atamfa da ambulan. Na gode, na ce ba zan iya karɓa ba tunda aiki aka aiko ni. Mai miƙo mini ya tsaya da hannu a miƙe kamar na mare shi.

Kwana biyu bayan haka na tafi Maiyama wurin Malam Waliyyu, mai injin casar shinkafa. A Aliero ba a kiran sunansa sai an haɗa da murmushi. "Mai mayar da kuɗɗi" ake ce masa. Na same shi ƙura ta rufe masa gemu, yana faɗa da wani bel na injin da ya ƙi zama. Ba ofis, benci ne a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ruwa kawai ya ba ni, a kofin roba.

Na yi masa tambayar da na yi wa Alhaji.

"Ai kin ji labari," in ji shi. "Masu hannun jari na mayar wa."

"Me ya sa?"

"Wata biyu kuɗɗin na hannuna ina neman inda zan sa su su haifi abin da ya hi wanda za su haifa a hannun masu su. Injin da nike so, kowa na son shi a shekarar, an ninka mashi kuɗi. Ban samu wuri ba. To in riƙe don a ce Waliyyu ya tara? Na kira su na raba masu."

"Suka gode?"

Ya yi dariya har ya yi tari. "Mutum uku sun bar gaisawa da ni. Guda ya ƙi zuwa sunan jikana."

Ban yi mamaki ba. A wajenmu ba a mayar wa mutum abin da ya damƙa maka, kyauta ce ko amana, sai in so kake ka ce masa ka gama da shi. Wanda aka mayar wa kuɗinsa ji yake an kore shi. Masu kallo kuma cewa suke mai mayarwar ya kasa juya su. Shekara biyu bayan haka wani mai inji a kan hanyar ya karye, Malam Waliyyu ya sayi injin da rabin kuɗinsa. Wannan rabin labarin bai iso Aliero ba.

Na tambaye shi kuskuren da ya taɓa yi. Bai yi jinkiri ba. Ya ce ya taɓa shiga shanya tumatir, wata bakwai ya ga asara ce, ya rufe, ya sayar da kayan a gaban kowa. Motarsa ɗaya ma ya sayar, haya yake ɗauka, don wata huɗu kawai yake bukatar mota a shekara.

"Kuma ki gaya masu," in ji shi, "kashi guda cikin uku na kuɗɗinku zan iya amsa. Rumbun ajiya nike son ginawa, iyakar abin da zai ci ke nan. Sauran ba ni da aikin da zan ba su."

A mota ina komawa na san ya gama yi mini illa. Yaya zan tsaya gaban dattawa in ce ku bar wanda ya buɗe hannu biyu, ku bi wanda ya ce ba ya son duka kuɗinku?

Haka na rubuta, haka na karanta wa shugabanni. Suka saurara, suka ce Allah ya yi albarka. Abin da ban sani ba, Baffa ya riga ya ba Alhaji Idris hannu a Jega bayan sallar Juma'a, a gaban mutane. Ba cin hanci ya yi ba, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Magana ya bayar, kuma a ganinsa janye ta ya fi asarar kuɗi muni.

Shi ne ya sa ranar nan a rumfa ya sauke murya ya ce, "Kin mayar wa Alhaji turmi. Kin san kunyar da kinka ba ni? Sai da na tahi Jega da ƙahwata na ba da haƙuri. Yanzu kuma so kike in koma in ce mashi ɗiyar ƙanena ta hana?"

"Ka ce masa sakatariya ta hana, Baffa. Laifin ya hau kaina."

"Ba a san wata sakatariya ba a Jega. Magaji anka sani."

"Kuɗin gida sittin da ɗaya ne. In ban sa hannu ba doka ta ce a kira taron kowa da kowa. A kira. In sun ji sun yarda, su cire ni su sa wani."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Alhaji ya ba shi kwana tara, don mai sayar da tirelolin ba zai jira ba.

"Rudun uwarki a kan hilina yake," in ji shi. "Ki tuna."

Rudu shi ne dandamalin kara da ake ɗagawa daga ƙasa a yi masa rufin ciyawa, a zuba albasa ta sha iska wata biyar ko shida. Ribar manomin albasa duk a nan take. Wanda ya sayar ranar cira, lokacin da kasuwa ta cika, ya yi wa dillali noma. Wanda ya ajiye har kaya suka yi ƙaranci shi ke ganin kuɗi. Tun rasuwar mahaifina rudunmu a filin Baffa yake, bayan gari, inda iska ke kaɗawa. Gidanmu ba shi da sarari, kuma a makon cira ba wanda ke da rudun da zai ara maka.

Na tarar da mahaifiyata, Inno, a tsakar gida tana yanke lawashi, albasa ta taru har bakin ƙofar ɗaki. Labari ya riga ni isowa.

"Buhu arba'in, Mufida," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Tun kaka nike ban ruwa. Dubi hannuwana."

"Na gani, Inno."

"Ba ki gani ba. Kin gani a takarda." Ta jefa albasa cikin kwando da ƙarfi. "Ke kaɗai kinka yi boko a garin ga? Layi guda ne. Ki ja shi mu huta."

"In na ja, ni na ce wa Gwaggo Delu da sauran matan ƙungiya kuɗinsu na wuri mai kyau. Su ba su iya karanta takardar ba. Sunana za su gani su kwantar da hankali."

Ta ci gaba da yanka. Can ta ce, "Kin tabbata mutumen zai karye?"

"Ban tabbata ba. Na dai ga yadda yake kashe riba."

"To, ba ki ma tabbata ba." Ta goge wuƙa a zaninta. "Ni ba ni ce maki ki sa, ba ni ce maki ki bari. Amma kada wata rana ki ce don ni kinka yi, ko wanne kinka zaɓa."

Kwanakin nan tara ban taɓa ganin irinsu ba. Matan da ke shigowa gidanmu ɗaukar wuta suka daina. A hanya sai in ji an ce, "Ga gwamnan banki nan," a kwashe da dariya. Limamin unguwa ya aiko a gaya mini biyayya ga wan uba kamar biyayya ga uba ce. Na ce a gaya masa na yarda, kuma da gonar Baffa ce ko kuɗinsa da ban ce uffan ba. A rana ta biyar Alhaji Idris ya kira ni a waya da kansa, muryarsa kamar ba abin da ya faru. Ya ce kamfani na neman akanta mai ido irin nawa, da albashi da mota. Shekara biyu ina neman aiki. Na tsaya da wayar a kunne, ina kallon albasar Inno tana shan rana, ta fara laushi daga ƙasa. Na ce na gode, amma ba yanzu ba.

"Babu wani yanzu bayan wanga, ɗiyata," in ji shi, ya kashe.

A rana ta bakwai Baffa ya kira taro, don ba shi da wata hanya. Bayan la'asar aka cika rumfar, maza a gaba, mata a gefe bayan buhuna. Ya yi magana mai kyau. Ya ce Alhaji Idris kowa ya san gidansu, motocinsa ke ɗaukar albasarmu, in mun shiga kamfaninsa mu za a fara lodawa. Ya ce na Maiyama kuwa mutum ne da aka ba kuɗi ya rasa yadda zai yi da su har ya mayar. Aka yi ta gyaɗa kai.

Da aka ba ni dama na miƙe tsaye, ban yi magana a durƙushe ba. Wannan ma an riƙe shi a kaina.

Na ce, "Ku kun fi ni sanin albasa. In aka ba ku mutum biyu, ɗaya duk shekarar da ya samu sai ya ƙara gona ko ba shi da ruwan da zai ba ta, ɗaya kuma ya ce gonar da ruwansa zai isa ita kaɗai zai noma, wa za ku ba irinku? Na ga tirela huɗu a tsaye da ciyawa a ƙarƙashinsu. Da kuɗinku za a ƙara biyu. Ba na cewa Alhaji macuci ne. Cewa nake ba ya iya rabuwa da abin da ba ya biya, kuma shekara goma za ku zauna da shi."

"Ƙarya take wa bawan Allah!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Damina ce ta tsayar da su!"

Hayaniya ta tashi. Sai Gwaggo Delu ta buga sandarta a jikin kwano. Tsohuwa ce mai sayar da gabu, busasshen ganyen albasa da ake dakawa don miya, kuma da kuɗin gabun nan ta cika nata rabon shekara shida.

"Magaji, ni tambaya gare ni. Motocin da za a saya da kuɗɗinmu, sunan wa za a rubuta a goshinsu? In Delu za a rubuta, na yarda."

Mata suka yi dariya, har da wasu mazan. Baffa bai yi ba. Ta juyo gare ni.

"Ke kuma 'yar boko, na Maiyama, kin rantse ba mu asara wurinshi?"

Da na ce e, ina jin da na ja rabin rumfar.

"Ba zan rantse ba, Gwaggo. Shi ma yana iya faɗuwa. Abin da na sani, in ya ga ba shi da abin yi da kuɗinki zai maido miki, ba zai saya wa sunansa kwalliya da su ba."

"Kun ji!" in ji Baffa. "Ita kanta ba ta sani ba. A kan ba ta sani ba ta tsayar da gari kwana bakwai."

Aka ɗaga hannu. Aka cire ni daga sakatariya, aka naɗa Malami, malamin firamare, wanda bai iya duban idona ba. Amma dokar da ta tilasta taron ita ce ta ce a taron kowa da kowa duk gidan da bai yarda ba yana iya cire rabonsa. Na karanta layin da ƙarfi kafin in miƙa littafin ƙungiya. Gida arba'in da uku suka bi Baffa. Gida goma sha takwas suka tsaya kan sai sun cire rabonsu, yawancinsu na zawarawa ne da ƙananan manoma, Gwaggo Delu a gaba. Inno ta daɗe hannunta na kan cinya, sannan ta ɗaga shi tare da su, ba ta dube ni ba.

Washegari da safe ma'aikatan Baffa suka zuba albasarsa a rudunmu.

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Tirelolin Alhaji takwas ne, kuma ina ganin wasu na wucewa da kaya. Rumbun Malam Waliyyu, wanda gidajen nan goma sha takwas suka kai wa kuɗinsu, an gama shi, bai raba ko kwabo ba tukuna, ya ce sai shekara ta uku. Ba wanda ya zo ya ce mini na yi gaskiya, kuma mai yiwuwa ba wanda zai zo. Da za a sake miƙo mini takardar nan, ba zan sa hannu ba.

Amma ga abin da ya ci. Inno ta sayar da buhu arba'in a makon cira, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da albasa ta kai bayan wata shida, noman shekara guda ya tafi, bana rabin gonar kawai ta iya shukawa. Ni ba ni da sakatariya, ba ni da aikin Jega, darasi nake koya wa yara a gida ana ba ni abin sabulu. Ƙungiyar da mahaifina ya kafa ta rabu biyu, kuma sunana ake kira in ana faɗin wanda ya raba ta. Baffa Magaji, wanda ya biya mini kuɗin jarrabawar shiga jami'a, ina durƙusawa in gaishe shi duk ranar Juma'a, kuma har yau bai amsa ba.